Me Ya Sa Mai Haƙa Burtsatse Yake Canza Baki Idan Ya Kai Dutse?

"Assalamu alaikum Injiniya. Watan jiya na sa aka haƙa mini rijiyar burtsatse a gidana da ke bayan garin Kano. Da farko sun ɗaura wani baki mai fukafukai, aiki yana ta gudu. Da suka kai wajen mita 18 sai suka tsaya, suka zare rodin haƙar gaba ɗaya, suka ɗaura wani mai ƙurajen ƙarfe, suka tada kwamfuresa, mai aikin kuma ya ce daga nan kuɗin mita ya canza tunda an shiga dutse. A bayan motarsu na ga wani na uku mai kawuna uku masu haƙora, shi ko taɓa shi ba su yi ba. Yaya ake ƙera waɗannan bakunan, me ya bambanta su, kuma me ya hana a yi guda ɗaya mai ƙarfi da zai ci komai? Ko dai dabarar ƙarin kuɗi ce?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sa ruwan ya yi albarka. In na fahimce ka, abu biyu kake nema: ka san hikimar da ke cikin ƙirar bakin haƙa, kuma ka tabbatar ba a yi maka rufa-ido ba. Bari in fara kwantar maka da hankali a kan na biyun. Yadda ka bayyana aikin, haka ake haƙa a ƙasar Kano, da ni ne a kan injin ma abin da zan yi ke nan. Ko ƙarin kuɗin ya fara a inda ya dace, wannan magana ce daban, zan zo kanta.

Abin da ke ƙarƙashin gidanka

Kano da Zariya da Kaduna da Gusau da Abuja duk a kan tsohon dutse guda suke zaune, wanda a saman ƙasa muke ganinsa a matsayin fa, kamar duwatsun Kufena ko Zuma. In ka haƙa, za ka fara cin ƙasa, sai marmara, sai yumɓu, sai wani ruɓaɓɓen dutse da ake iya murtsukewa da hannu, daga nan sai ka dira a kan lafiyayyen dutsen da ruwa bai taɓa cinsa ba. Ruwan da muke nema a irin wannan ƙasa yana cikin ruɓaɓɓen ne, da kuma tsagogin da ke cikin lafiyayyen. A Maiduguri ko Nguru ko Birnin Kebbi labarin ya sha bamban. Can yashi da yumɓu ne rufi a kan rufi, mai haƙa yana iya tafiyar ɗaruruwan mitoci bai gamu da fa ba. Shi ya sa injin da ya yi suna a Borno yana iya zuwa Kano ya ji kunya.

Lafiyayyen dutsen nan yana da halaye biyu da mai ƙera baki yake tsoro. Na farko tauri: kafin ya fashe yana ɗaukar nauyin da ya ninka na kankaren da ake zuba wa bene sau biyar ko fiye. Na biyu kaushi, wanda a wurina ya fi na farkon sharri. Cike yake da ƙwayoyin dutsen ƙanƙara, waɗanda a ma'aunin taurin ma'adinai suna mataki na 7, sun ɗara ƙarfen da ake yin wuƙa da shi. Wato in ka goga ƙarfe a jikinsa, dutsen ne magagari, ƙarfen ne yake cinyewa.

To ƙasa da dutse ba sa karyewa ta hanya ɗaya. Ana iya kankare su kamar yadda fartanya take yi, ana iya danne su da tsini har su dare, ana iya daka su kamar hatsi a turmi. Bakuna ukun da ka gani, kowanne an ƙera shi a kan ɗaya daga cikin waɗannan.

Mai fukafukai

Shi ne mafi tsufa kuma mafi araha. Ba shi da wani abu mai motsi a jikinsa, fukafukai ne uku ko huɗu, sau da yawa an yi su hawa-hawa kamar matakala, an liƙa musu 'yan faranta na wani ƙarfe mai tsananin tauri da ake kira tangistin kabayid a bakin kaifin. Injin yana juya shi, shi kuma yana sheme ƙasa. A yumɓu da yashi da ruɓaɓɓen dutse babu mai kama ƙafarsa. Da ya dira a kan fa kuwa, sai ya koma zamewa yana ƙara, rodi yana tsalle, cikin ɗan lokaci kaifin ya tafi. Wannan ƙarar da tsallen su ne suka gaya wa mai aikinka cewa lokacin zare rodi ya yi.

Mai kawuna uku

Wannan da ka gani a bayan mota shi ne ya fi cin basirar maƙera, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Asalinsa daga masu haƙar man fetur ne na Amurka. A farkon ƙarni na 20, bayan da rijiyar Spindletop ta ɓarke da mai a jihar Texas a 1901, masu haƙa suna amfani da wani baki mai kama da wutsiyar kifi, kakan mai fukafukan nan, kuma matsalarsu ita ce taka: suna kai wa dutse sai aiki ya tsaya. A 1909 Howard Hughes babba ya yi rajistar wani baki mai kawuna biyu masu mirginawa, suka kafa kamfani da abokinsa Walter Sharp a Houston. A 1933 injiniyoyin kamfanin suka fito da mai kawuna uku, wanda masu haƙa suke kira tirikon, kuma har yau siffarsa ba ta canza sosai ba.

Dabarar ita ce a daina jan haƙori a kan dutse. Kowane kai an yi shi da siffar mazurari, yana juyawa a kan gindinsa. Idan rodi ya juya, kawunan sai su mirgina a ƙasan rami kamar taya, kowane haƙori ya sauka, nauyin da ke samansa gaba ɗaya ya taru a kan ɗan tsininsa, dutse ya dare ya ɓantare, haƙorin ya ɗaga, na bayansa ya sauka. Tunda ba goga ake yi ba, kaushin dutsen ba ya samun damar cin haƙorin da sauri. Su ukun kuma suna zama daram a ƙasan rami kamar tukunya a kan duwatsun murhu, ramin ya fi fita a miƙe. Haƙoran kowane kai suna ratsawa ta tsakanin na maƙwabcinsa, suna yi wa juna sakace, yumɓu ba ya samun wurin maƙalewa.

Amma tirikon ma ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne ƙira take nuna kanta. Wanda aka yi don ƙasa mai laushi, haƙoransa dogaye ne masu tsini, an ba su tazara, daga jikin ƙarfen kan aka sassaƙo su. Sannan an ɗan karkatar da kawunan, ba sa fuskantar cibiyar bakin sosai. Wannan 'yar karkatar tana sa haƙori ya ɗan ja kafin ya ɗaga, sai ya haɗa huda da kwarfa. Wanda aka yi don dutse mai tauri, kusan an cire karkatar gaba ɗaya, don jan da yake da amfani a yumɓu shi ne yake kashe haƙori a fa. Haƙoran nasa gajeru ne, masu yawa, a cunkushe, kuma ba na jikin ƙarfen ba ne, ƙuraje ne na tangistin kabayid da aka huda rami aka cusa su da matsi. Wannan salo ya shigo ne a farkon shekarun 1950. Ko kwanar da gindin kan yake yi ana canza ta, wajen digiri 33 ga mai laushi, 36 ko sama ga mai tauri, don boris, wato abin da kan yake juyawa a kansa, ya iya ɗaukar ƙarin nauyi.

Boris ɗin nan kuwa shi ne ran tirikon, shi ne kuma lagonsa. Ka tuna a cikin rami mai faɗin inci 6 ko 8 ake son a cusa kawuna uku, kowanne da borisinsa. Duk abin da ka ƙara wa tsawon haƙori, daga kaurin kan da girman boris ka rage shi, don wurin ke nan. Mai ƙira kullum cikin wannan ciniki yake. Masu araha borisinsu a buɗe yake, laka ko iska ce take ratsa shi, tsakuwa tana shiga. Masu tsada an rufe su da roba, da ɗan rumbun giris a cikin kowace ƙafa. Da zarar robar ta mutu, kwanan bakin ya ƙare ko da haƙoransa suna nan garau. Akwai lamba mai alƙaluma uku da ƙungiyar 'yan kwangilar haƙa ta duniya, IADC, ta tsara don a gane wannan duka: alƙalamin farko daga 1 zuwa 3 haƙoran ƙarfe ne, daga 4 zuwa 8 ƙuraje ne, a cikin kowane rukuni yana hawa taurin dutsen da aka nufa yana ƙaruwa, na ƙarshe kuma yana faɗin irin boris.

To tunda akwai tirikon na dutse, me ya hana mai aikinka ɗaura shi? Nauyi. Kafin haƙoransa su dare lafiyayyen fa, baki mai inci 6 yana son a ɗora masa tan goma ko fiye. A rijiyar mai wannan ba matsala ba ce, akwai manyan bututu masu kauri da ake jerawa a samansa musamman don su danne shi. A mita 18, da 'yan rodi kaɗan da ƙaramar mota, ina za a samo tan goma? In direba ya matsa da ƙarfin injin, motar ce za ta nemi ɗagawa. Bakin zai yi ta zagaye yana lasar dutsen, ana ƙona man gas a banza. Mai yiwuwa mai aikinka ya ajiye shi ne don inda zai gamu da marmara mai kauri ko tsakuwa, inda mai fukafukai yake wahala, ramin kuma bai yi ƙarfin da za a sa iska ba.

Wannan darasi ni da kaina na saye shi da tsada. Wata shekara muna aiki a wani ƙauye, kwamfuresa ta lalace muna kai wa dutse, wanda ya ba mu aikin kuma ya matsa sai an ci gaba. Na ɗaura wani tirikon na gwanjo, irin waɗanda suka gama aiki a wurin masu haƙar mai ake sayar mana. Wuni guda ba mu ci mita biyu ba. Wajen la'asar na ji rodi yana fizga, yana cijewa yana saki, alamar kai ɗaya ya daina juyawa ke nan, na sani sarai, amma na ce bari mu ƙarasa wannan rodin. Da muka zaro, kawuna biyu ne suka fito. Na ukun yana can ƙasa, dunƙulen ƙarfe cike da kabayid wanda babu bakin da zai iya cinsa. Kwana uku muna zura maganaɗisu, ƙarshe muka binne ramin muka matsa gefe muka fara sabo. Laifin ba na bakin ba ne.

Mai ƙuraje da gudumarsa

Wanda aka ƙarasa rijiyarka da shi, shi kaɗai ba ya komai. A samansa akwai wata doguwar guduma da take bin sa cikin ramin, masu aiki suna ce mata hama. Iskar kwamfuresa tana tura wani dunƙulen ƙarfe a cikinta yana dukan ƙeyar bakin fiye da sau dubu a minti ɗaya, injin kuma yana juya rodi a hankali don kowane duka ya sauka a sabon wuri. Ƙarfin dukan ne yake maye gurbin tan goman da babu. Shi ya sa ƙaramar mota take iya cin fa da ita, kuma shi ya sa kuɗin mita yake tashi: kwamfuresar da za ta ba da wannan iska tana shan mai kamar ba gobe, sau da yawa ma hayarta ake yi.

A ƙirar wannan baki, siffar ƙurjin ita ce magana. Mai zagayen kai kamar rabin ƙwallo ba ya sauri amma yana jure kaushi, mai ɗan tsini kamar kan harsashi ya fi sauri amma yana saurin karyewa a dutse mai tauri. Da yawa ana haɗa su, masu tsini a tsakiya, masu zagaye a gefe. Na gefen nan su suka fi shan wahala, su ne kuma suke riƙe faɗin ramin. In suka cinye, ramin yana ƙara tsukewa ana tafiya ba a sani ba, ranar da aka ɗaura sabon baki sai ya ƙi shiga, in an tilasta shi ya cije. Mai aiki da ya san abin da yake yi yana wasa ƙurajen da zarar shafewar da ke kansu ta kai kashi ɗaya cikin uku na faɗinsu, kuma yana fara rami da bakinsa mafi faɗi, ya bi da wanda ya ɗan ci.

Rabin aikin da ba a gani

Ka lura kowane baki yana da huduji a fuskarsa da kwaruruka a gefensa? Mutane suna kallon haƙora, amma ni waɗannan nake fara dubawa. Abin da aka fasa in bai bar ƙasan rami nan take ba, bakin zai koma niƙa garin da ya riga ya niƙa. A haƙar laka, famfo yana tura ruwa mai kauri ta cikin rodi, ya fito da ƙarfi ta hudujin, ya wanke haƙora, ya sanyaya su, ya ɗauko ɓarɓashi zuwa sama, ya kuma shafe bangon ramin don kada yashi ya rufta. A haƙar hama iska ce take wannan aiki, kuma dole ta hau da gudun wajen mita 15 a sakan ɗaya kafin ta iya ɗago tsakuwa. Baki mai ƙananan kwaruruka in ya shiga yumɓu mai danƙo, sai ya dunƙule ya zama kamar curin fura, haƙoran su nutse a ciki, ya yi ta juyawa ba ya cin komai. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a fara rijiyarka da hama tun daga sama ba: a yumɓu dukan nutsewa yake yi kamar an daki katifa, iskar kuma tana zaizaye bango. Sai an wuce wurin an sa kesin, wato bututun da ake zurawa a ramin, ya tare bangon.

Me ya hana a yi guda ɗaya?

An yi ƙoƙari, ana kan yi. Mafi kusa da abin da kake tunani shi ne wanda ake kira PDC. A shekarun 1970 kamfanin General Electric ya fito da hanyar gasa garin lu'ulu'u, wato daimon, wanda aka haɗa a masana'anta, a kan ɗan faifan kabayid, kaurin lu'ulu'un bai wuce milimita biyu ko uku ba. Ana jera waɗannan faya-fayai, masu faɗin milimita 13 ko 16 ko 19, a kan fukafukai, kowanne an ɗan kwantar da shi baya don kada ya ɓantare. Wato an koma wa tsohuwar dabarar fartanya, amma da kaifin da ya fi komai tauri. Ba shi da boris, babu kan da zai faɗi a rami. A yau mafi yawan tsawon da ake haƙawa a rijiyoyin mai na duniya da shi ake yi, don mai a cikin duwatsun da suka samu daga kwanciyar yashi da laka yake, irin na Agadem a Nijar ko Kolmani da ke tsakanin Bauchi da Gombe, kuma irin waɗannan suna sheme wa da kyau.

Sai dai lu'ulu'u yana da tauri amma ba shi da juriya. Duka yana ɓantare shi, zafin da ya haura digiri 700 a ma'aunin Salsiyas yana lalata shi. A fa mai tsagogi, inda baki yake faɗawa rami ya ci karo da gefe, waɗannan biyun ne suke jiransa. Daga baya ma an ƙera wasu da suka haɗa fukafukan PDC da kawuna masu mirginawa a jiki ɗaya, amma kuɗinsu na masu mai ne, ba na mai haƙa ruwan gida ba. Aikina na ruwa ne, waɗannan a baje koli kawai na taɓa su da hannu.

Tushen matsalar shi ne abubuwan da ake so suna karo da juna. Dogon haƙori yana sauri a laushi, yana karyewa a tauri. Ko shi kabayid ɗin, garin tangistin ne aka ɗaure da wani ƙarfe mai suna kobal: ka ƙara kobal ya jure duka amma ya yi saurin cinyewa, ka rage shi ya jure kaushi amma ya yi saurin fashewa. Bakin da aka ce zai ci komai, zai ci ɗin, amma a ko'ina a hankali, kai kuma mai biyan kuɗin mai da kwanaki kai za ka ji a jikinka.

Maganar kuɗinka

Ban ga ramin ba, ban ga abin da ya fito daga cikinsa ba, don haka ba zan yanke wa mai aikinka hukunci daga nan ba. Inda ake samun ha'inci ba a canza baki yake ba, a wurin da aka ce dutse ya fara yake. Hama tana cin ruɓaɓɓen dutse da gudu, wasu kuma sukan ɗaura ta da wuri su lissafa maka kuɗin fa. Ana gane wannan da ido. Mai aiki na kirki yana ɗibar abin da ke fitowa bayan kowane rodi ya jera shi tsibi-tsibi a ƙasa. Ruɓaɓɓe ja-ja ne ko ruwan ƙasa, yana murtsukewa tsakanin yatsu. Lafiyayye toka-toka ne ko fari-fari, 'yan ɓarɓashi masu kaifi da ƙyalli, ƙurarsa tana tashi fara fat ta rufe ma'aikatan har gashin ido. In tsibin suna nan a farfajiyarka ruwa bai wanke su ba, je ka duba a na nawa launin ya juya, ka ninka da tsawon rodi ɗaya, ka gwada da mita 18 ɗin da aka faɗa maka. In sun tafi, ka nemi ya rubuta maka zurfin ramin gaba ɗaya, da inda kesin ya tsaya, da mitocin da aka sami ruwa, da faɗin bakin da ya ƙarasa da shi. Ranar da za a canza famfo ko a wanke rijiyar, wanda zai yi aikin waɗannan alƙaluman zai fara tambayarka.